Yarinyar da ta samu kashi 111 cikin ɗari

Ranar Talata tun shida saura na bar Agege, duk da haka sai da gosulon Oshodi ya cinye min kusan awa guda a cikin danfo, na isa lab saura minti goma ɗalibai su shigo, ga shi ba wanda ya tuna da sayo ƙanƙara. Wanda bai san aikin ba zai ce ina ruwan kemistiri da ƙanƙara, toh mu ranar haɗa asfirin in babu ita kamar a ce ka tuƙa tuwo ba muciya ne. Haka na fita da farar rigata har bakin get na sayo bulo biyu wajen mai fiya wata.

Ni ba lakcara ba ne, mastas nake yi, sai aka ba ni 'yan aji biyu in riƙa tsaya musu a firaktikal na oganik kemistiri. Kuma don Allah, tunda a Legas muke, oganik ɗin nan ba man shafawa ba ne. Gwaggona har yanzu tana jira in haɗa mata kirim. Ilimin sinadaran kabon ne kawai, sunan ya samo asali tun lokacin da ake zaton sai abu mai rai ne ke iya samar da irinsu, har Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji a 1828 ba tare da ƙodar kowa ba.

Aikin ranar ba wuya a takarda. Ka auna giram 2 na salisilik asid ka zuba a filas, wato 'yar kwalbar gilas ta lab, ka ƙara asetik anhaidirayid da ɗigo kaɗan na fosforik asid, ka ɗumama cikin ruwan zafi kamar minti 15, sannan ka zuba ruwan sanyi ka tsoma filas ɗin cikin ƙanƙara ka jira. Jiran nan shi ne inda nake gane halin kowa. Wani zai ta girgizawa, wani ya ɗauko waya, wani ya zo ya ce min nasa ya lalace alhali ko minti uku bai yi ba. Sai in karɓi sandar gilas in ɗan kankari cikin filas ɗin, kafin ka ce me fararen allurai sun fara fitowa daga ruwa garau kamar wani ya watsa gishiri. Duk shekara sai an samu mai cewa "Jesus!" da mai cewa "Allahu Akbar!" a benci ɗaya. Ɗakin kuwa duk ya ɗauki warin binega, don asetik asid ne ragowar da ke fita. Kusan irin aikin da Felix Hoffmann ya yi wa kamfanin Bayer a Jamus a 1897 ke nan, yau 'yan shekara sha tara ke maimaita shi da hular wanka a kai wai kar gashi ya yi wari.

Muna cikin tacewa aka ɗauke wuta. Famfon da ke zuƙe ruwa daga mazurari ya tsaya, oban busarwa ya mutu, janareta kuma an ce ba mai. Mtsww. Na ce kowa ya matse nasa tsakanin takardun tace iya ƙoƙarinsa ya auna ya rubuta abin da ya gani.

A lissafi, salisilik asid nauyinsa 138 ne, asfirin 180, don haka giram 2 ko mala'ika ne ya yi aikin ba zai ba ka fiye da giram 2.6 ba, shi ne kashi ɗari cif. Wata yarinya ce a bencin ƙarshe, iyayenta a Mile 12 suke, ita kaɗai ce Bahaushiya a rukunin, ta jira sai da kowa ya watse sannan ta matso ta ce, "Malam, nawa 2.9 ya ba ni, kashi 111 ke nan, na sake lissafi sau uku. In rage ne?"

Na ce ki rage ki kai nawa? Ta ce ƙawayenta sun ce a sa 78, wai shi ne "ansa". Na gane zancen nan take, rifot ɗin bara ne ke yawo a WhatsApp. Na ce ɗago takardar ki taɓa bayanta. Ta taɓa, a jiƙe sharkaf. Ta yi shiru can ta ce, "Au, ruwa na auna." Na ce toh shi za ki rubuta, 2.9, kashi 111, sannan a ƙasa ki faɗi dalili, ki bar shi a buɗe gobe ki dawo.

Washegari wuta ta dawo, muka busar, ya koma 1.7, kashi 65. Muka ɗiga wa ɗan kaɗan ferik kulorayid sai ya yi ruwan shuni-shuni mai haske, alamar akwai sauran salisilik asid da bai juya ba, don asfirin tsantsa ba ya ba da wannan launin. Muka sa a na'urar narkewa, maimakon ya narke wajen digiri 135 sai ya fara tun 129 yana jan ƙafa. Duk ta rubuta, har ta ƙara da kanta cewa da an sake narkar da shi a itanol mai ɗumi an bar shi ya sake fitowa da ya fi tsabta ko da nauyin zai ƙara raguwa. Ita na ba maki mafi yawa. Mutum tara da suka kawo min 78 cif, a ranar da ba wuta ba oban, na kira su ɗaya bayan ɗaya na ce su nuna min ƙullin da suka auna. Biyu ma sun zubar a kwandon shara tun kafin su je sikeli.

Gsky ban ga laifinsu sosai ba. Tun sakandare an saba musu cewa firaktikal yana da ansa guda, har WAEC da NECO suna da jarrabawar da ake yin "firaktikal" a takarda ba a taɓa kwalba ba. Ni kaina da hadda na shigo jami'a, wanda ya yi allo ya san mun iya ta, na haddace kibiyoyin nan masu lanƙwasa da ake zanawa a nuna yadda sinadari ke juyewa ya zama wani kamar karatun asuba, na ci tes, jarrabawa ta zo malami ya canza ƙwaya ɗaya a jikin kabon na zauna ina kallon silin. Sai da na gane kibiyar tana nuna inda ilektiron ya tashi da inda ya sauka ne, daga mai yawa zuwa mai buƙata, sannan abin ya daina min kama da rubutun aljanu.

Af, ga wani abu da zai yi muku amfani a gida. In kun buɗe tsohuwar kwalbar asfirin kuka ji warin binega, danshi ya shige ta, maganin ya fara komawa abin da aka haɗa shi da shi. Da irin damshin Legas wannan ba abin mamaki ba ne.

Da daddare nake ba Baba labarin a shago, yana jera goro a ganye yana yayyafa ruwa. Shekararsa sama da talatin a wannan sana'ar a Agege, bai taɓa tambayata me nake karantawa ba sai ranar. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ai tsohon zance ne, duk wanda ya sayi kaya a jiƙe a sikeli ya sayi ruwa." Sai na ce masa sati mai zuwa kafeyin za mu cire, sinadarin da ke hana shi barci, a manhaja ganyen shayi aka rubuta amma ina so in gwada da goro a gefe. Na yi masa bayanin yadda ake dafawa a tace, a girgiza da wani ruwa mai suna daikuloromiten wanda ke tafasa a digiri 40 kacal, shi ya sa da zafin garin nan in ba ka riƙa buɗe mazurarin yana huci ba murfin zai iya tashi sama. Ya ce nawa za a samu? Na ce ɗan farin gari ne da ƙyar zai rufe bakin cokalin shayi.

Ya dube ni ya ce, "Goro nawa za ka ɓata min a kan wannan?" Na ce kamar goma, Baba. Ya zaɓo guda shida cikin waɗanda suka fara bushewa ya ƙulle min a leda, ya ce in an cire in kawo masa ya gani da idonsa.