Takardar urjansi a gaban alƙali

A Maraɗi, wanda ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa. Haka addini ya koyar, kuma ba kasafai dangi ke yarda a buɗe gawa don bincike ba. Wanda ya rayu kuma, cikin mako biyu an cire zare, kumburi ya saɓe, sai tabo. To idan magana ta kai kotu bayan watanni, me alƙali zai duba? Takardar da ma'aikacin jinya ya cika a tsaye, ana kiransa ta ko'ina. Ina cikin masu cika wannan takarda a ɓangaren gaggawa da muke kira urjansi, kuma ta taɓa kai ni gaban alƙali.

Farkon damina ne, lokacin da rigimar iyakar gona ke tashi. Aka kawo wani magidanci daga wani ƙauye ta wajen Madarunfa, a kan babur, ƙanensa na riƙe da shi ta baya. Na dubi agogon bango, na rubuta 21:40. Da ƙafarsa ya shigo, har yana cewa, "Likita, a ɗinke mini in koma, gobe shuka gare ni." Ƙanen kuwa sai ɗaga murya yake: "Da adda aka sare shi! Rubuta, da adda!" Na ce masa, "Malam, yi haƙuri. Abin da na gani zan rubuta, abin da ka faɗa ma zan rubuta, amma zan ce kai ka faɗa."

Kafin in sa allura da zare, na auna. Tsagewa ce mai santimita 4 a saman kunnen hagu, bakinta a dagargaje, ba miƙaƙƙe irin na abu mai kaifi ba, da kumburi kewaye. Akwai wani kumburin a bayan hannun hagu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Na duba tafukan hannu, gwiwoyi da kafaɗu, babu ƙujewa ko ɗaya, na rubuta cewa babu. Tansiyo, wato awon hawan jini, 13/8, bugun jini 88, Glasgow 15. Shi da bakinsa ya ce da ƙotar hauya aka buge shi, na sa maganarsa yadda ya faɗe ta.

Glasgow ɗin nan ma'auni ne da wasu likitoci biyu na birnin Glasgow suka fito da shi a 1974. Ana duba buɗe ido, magana da motsi, a haɗa maki daga 3 zuwa 15. Amfaninsa yana ga maimaitawa. Da 23:15 mutumin ya fara amai yana kukan kai, makin ya sauko 12, na kira likitan da ke gadi, wato mai aikin daren, na rubuta lokacin kiran da lokacin zuwansa. Da 00:30 ƙwayar idon hagu ta buɗe, ta daina amsa haske, maki 7. Ana cikin shirin ɗaukarsa zuwa inda za a yi masa aiki a kai, da 02:50 rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa. Ƙashin wannan wuri siriri ne, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Idan ta tsinke, jini yana taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da rigar ƙwaƙwalwa, mutum yana tafiya yana magana na wasu awoyi kafin ya faɗi.

Sai bayan kaka sammaci ya zo daga alƙali mai bincike na babbar kotun Maraɗi. A tsakanin nan marasa lafiya nawa suka bi ta hannuna, ga damina da zazzaɓin cizon sauro? Ko fuskar mamacin ba zan iya kawowa ba. Dangi sun tsaya a kan adda da niyyar kisa. Lauyan wanda ake tuhuma kuma ya ce turewa ce kawai, mutumin daga babur ya faɗo a hanya, ai da ƙafarsa ya shiga asibiti. Tazarar maganganun nan biyu shekaru ce a gidan kaso, domin kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda aka kafa a 1961 aka yi ta yi masa gyara, ya raba dukan da ya warke da wanda ya bar naƙasa, ya raba dukan da ya jawo mutuwa ba da niyya ba da kisan ganganci.

Alƙali ya tambaye ni, "Kai ka ga lokacin da aka buge shi?" Na ce, "A'a, ranka shi daɗe. Abin da na gani yana cikin takarda." Ya bi ta layi layi, magatakarda na rubutawa. Likitan da ya ba da takardar shaida, wanda a kan tawa ya gina tasa, shi ya yi bayanin sauran: bakin rauni bai yi kama da na adda ba, wanda ya faɗo daga babur da wuya ya rasa ƙujewa, kumburin hannu irin na mai kare kansa ne, kuma saukar maki daga 15 zuwa 7 ta nuna yadda mai magana da daddare zai iya cikawa kafin asuba. Takardar ba ta bi bayan kowa ba, kowane ɓangare ta rage masa wani abu. Layin da ya fi nauyi a ranar shi ne wanda ya ce babu ƙujewa, layin da mai gaggawa zai ga ba shi da amfani.

Nakan ji abokan aiki na cewa, mutum na zubar da jini, wa ke ta biro? Gaskiya ne, rai ne gaba. Amma akwai dabara. Idan hannuwana biyu na cikin aiki, ɗalibin da ke koyon aiki nake tsayarwa da takarda, ina faɗa yana rubutawa da lokaci. Idan ni kaɗai ne, a kan filastar da ke jikin ledar ƙarin ruwa nake sa awa da minti, in kwafe daga baya, in nuna cewa daga baya na cika da ƙarfe kaza. Agogo ɗaya muke bi, na bango, don wayoyi kan saɓa da ƴan mintoci, lauya kuwa a nan yake samun ƙofa. Kuskuren rubutu layi ɗaya ake ja a kai, ya zama ana iya karanta na farko, a sa hannu a gefe. Shafe shi da farin ruwa ko yage shafi yana sa a yi shakkar takardar gaba ɗaya.

Tun da hare-haren ƴan bindiga suka yawaita a yankin iyaka, ta Madarunfa da Gidan Rumji, raunin harsashi ya zama abin da muke gani. Riga ba ma yanka ta ta kan hudar, gefe muke bi. Mu bar ta ta bushe, mu naɗe ta a takarda, don leda tana ruɓar da jini. Harsashin da aka ciro a naɗe shi a auduga, a rubuta wa ya ciro, wa ya karɓa, jandarman da aka miƙa wa ya sa hannu. Ba na rubuta nan ya shiga, nan ya fita. Girman kowace huda da wurinta nake faɗa, sauran aikin masana ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hoton rauni da ke yawo a WhatsApp tun mai shi yana kan gado. Sirrin marar lafiya amana ce, doka ma tana hukunta mai tona shi. Ko ɗan sanda ne ya zo, sai da takardar buƙata a rubuce daga hukumar shari'a muke buɗe dosiye, wato takardun marar lafiya. Sannan ga ajiya: karne, ɗan littafin asibiti na marar lafiya, yana tafiya gida da mai shi, rajista kuma ga gara ga yoyon damina. Duk dosiyen da na ga alamar zai kai kotu, kafin in sauka daga gadi nake kai wa majo, shugaban ma'aikatan jinya na ɓangarenmu, ya sa lambarsa a rajista ya kulle a kabad.