Yadda ake tabbatar da cewa katin tattara bayanai yana faɗin gaskiya

Duk wanda ya haɗa katin tattara bayanai da kwamfuta domin auna zafi ko matsin iska ko ƙarfin lantarki yana samun natsuwa da zarar ya ga lambobi sun fara gudana a allo. Sai dai gudanar lambobi ba ta nuna ingancin awo, domin kati mai lahani ma yana fitar da su, kuma a tsare. Zan yi misali da USB-6009 na kamfanin National Instruments, saboda ana yawan samunsa a ɗakunan gwaji na jami'o'i, amma hanyar za ta yi amfani ga kowane kati irinsa.

Bayan an girka NI-DAQmx, manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin, sai a buɗe manhajar NI MAX mai nuna na'urorin da aka jona, a nemo katin a jerin na'urori, a danna maɓallin gwajin kai. Idan ya ce an yi nasara, abin da aka tabbatar kawai shi ne kwamfuta da kati suna jin juna. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, alhali ba a fara auna komai ba.

Gwaji na haƙiƙa shi ne a ba katin ƙarfin lantarkin da aka riga aka san adadinsa, a ga abin da zai faɗa. Kafin nan akwai wata ɗabi'a ta wannan kati da take tayar wa sabon hannu hankali, wato idan ana awo tsakanin kafar shiga ɗaya da GND (kafar sifili ta katin) kuma ba a jona komai a kafar shigar ba, ba sifili za a gani ba, za a ga kimanin volt 1.4. Wannan ba lalacewa ba ce, tsarin da'irar cikinsa ne ya jawo haka. A ɗauki guntuwar waya a haɗa kafar shiga ta farko, wato AI0, da GND, nan take karatun ya kamata ya sauko kusa da sifili. Daga nan sai a mayar da wayar kan kafar volt 2.5 da katin ke fitarwa, ko a yi amfani da batirin tocila wanda aka fara aunawa da amintacciyar mitar awon lantarki. Kafofin shiga takwas ne, kuma kowace sai an bi ta, domin ɗaya na iya ƙonewa sauran suna lafiya.

Akwai kuma gwajin zagaye, inda ake haɗa kafar fita AO0 da kafar shiga AI0, a umarci katin ya fitar da volt 1, sannan 3, sannan 5, ana duba abin da ya karanta. Yana da sauƙi, amma a ganina bai isa shi kaɗai ba, tun da kati ɗaya ne yake bayarwa kuma yake karɓa, kamar ɗan kasuwar da ya auna hatsi da mudunsa ya kuma tabbatar da awon da mudun nan dai. Saboda haka nake barin mita a jone a kan wayar yayin gwajin.

Kada rawar lambobin ƙarshe ta dami mutum. Idan ana awo da waya ɗaya da GND, katin yana raba tazarar volt 20 zuwa matakai 8,192, wato kowane mataki kimanin milivolt 2.4 ne, kuma motsin mataki ɗaya ko biyu abu ne na yau da kullum. Abin dubawa shi ne ko bambancin ya wuce iyakar kuskuren da kamfanin ya rubuta a takardar bayanan katin.

Sauri ma yana buƙatar gwaji. Katin yana ɗaukar karatu 48,000 a daƙiƙa, amma kafofin da aka kunna ne suke raba wannan adadi, don haka huɗu za su samu 12,000 kowace. Siginar da saurin kaɗawarta ya wuce rabin saurin ɗauka za ta bayyana da siffar wata sigina mai jinkirin kaɗawa wadda babu ita a zahiri, kuma zanenta zai fito sumul.

Inda aka fi ɗora wa kati laifin da ba nasa ba shi ne batun hayaniya, wato baƙuwar sigina da ke shiga cikin awo. Wutar gidajenmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan aka ga wannan kaɗawa ta hau kan awo, sai a zare cajar kwamfutar tafi-da-gidanka a bar ta a kan batiri. Idan zanen ya lafa, matsalar daga wuta ce ko daga haɗin ƙasa, musamman idan janareto ne ke aiki. Maganin da aka saba shi ne a gajarta wayoyi, a murɗa su biyu-biyu, a koma awo tsakanin kafofin shiga biyu maimakon kafa ɗaya da GND. Idan bayan duk wannan karatun da katin ya bayar daga na'urar ji (kamar mai jin zafi ko matsin iska) bai yi daidai da na mita ba, a tuna cewa turjiyar shigar katin kilo-om 144 ce kawai, kuma hakan ya isa ya karkatar da awon na'urar da ba ta iya ba da wuta sosai, sai an sa mata ƙaramar da'irar ƙarfafa sigina a tsakani.