Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yaran Inji

Makon jiya na tsaya inda Alhaji, mai gidan buga takardun da nake aiki, ya sayo injin bugu Kord ɗinsa na biyu daga Legas. Masu cewa in koma maganar aurena da Maman Abba ku yi haƙuri, za mu je can. Zancen yaran inji ne ya tsaya mini a maƙogwaro.

Farkon 2003 ne, zaɓen Afrilu ya ƙarato. Duk mai takara a Bauchi fosta yake so, kowa kuma cewa yake da nasa za a fara. Alhaji ya ɗebi yara shida rana guda, ba wanda ya taɓa shaƙar warin tawada. Na ce a ba ni su wata uku. Sai ɗan Alhaji, wanda bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, ya ce wannan tsohon yayi ne. Ya kama ɗakin taro, ya ɗauko wani mai kwat, aka yi kwana uku ana rubutu a allo ana shan lemo. Ranar ƙarshe kowane yaro ya fito da satifiket.

Da daddare na ba Kawu labari, Allah ya jiƙansa. Yana tauna goro ya ce, “Ɗana, wanda ka koya wa da baki, da baki zai yi maka aiki.”

Ga wanda bai san Kord ba, kala ɗaya yake bugawa. Fosta mai hoto sai takarda ta bi ta cikinsa sau huɗu: shuɗi, ja, ruwan ɗorawa, baƙi. Ta goce ko da kaurin gashi ne, fuska ta rabu biyu. Na je Azahar na dawo, na tarar rim goma, takarda 5,000, ɗan takara da ido huɗu. Wa aka kama? Ni. Wata biyu ana yankar albashina, mai kwat kuwa ya karɓi kuɗinsa cas ya hau mota. Ban manta ba, kuma ba na jin zan manta.

Bayan zaɓe Alhaji ya kira ni ya ce, “Malam, yi yadda ka gani.” Bai ce ka yi haƙuri ba.

Abin da na fara shi ne tara ɓatattun takardu na mako biyu, ina ware su kashi-kashi: wannan ruwa ya yi wa filet (farantin da ke ɗauke da abin da za a buga) yawa, wannan ba a kaɗa takarda ta sha iska ba, wannan rola ce ba a wanke ba. Tarin da ya fi tsawo, da shi muka fara karatu. Watan farko yaro ba ya kunna inji. Wankin rola, kaɗa takarda, sanin inda ba a sa hannu. Wata na biyu baƙi zalla, rasit da katin biki. Ba ya hawa kala huɗu sai ya buga mini 500 a gabana ban tsinci goma marasa kyau ba. Ranar Asabar mu baje ɓarnar mako a tebur, wanda ya yi ya faɗi dalili da bakinsa, ba zagi, ba yankan kuɗi.

Wurin da na fi shan wuya manyan ne. Na haɗa kowane yaro da babba, amma babba ba ya son yaro ya iya. Na san ciwon. Maigidana na Jos, duk lokacin da zai daidaita ruwa da tawada sai ya aike ni sayo goro. Shekara biyu ina sayen goro. Shi ya sa na matsa wa Alhaji, duk wanda yaronsa ya haye a ƙara masa wani abu a albashi. Nan take bakuna suka buɗe, hannuwa ma.

Na tuna, shekaru bayan haka na raka Abba hedikwatar ITF a Jos kan takardun koyon aikinsa na makaranta. Aka ce mini tun 1971 aka kafa ta don horar da ma'aikata. Na yi ta kallon ginin ina cewa a raina, ashe abin da Kawu ya faɗa a kan tabarma har ofis gare shi.

Ɗan Alhaji kuwa, da ya ga ɓarna ta ragu, sai ya sa aka buga tsarin nan a ɗan littafi, sunansa a bango. Ni na buga shi, da hannuna, a Kord ɗin da aka yanke mini albashi a kansa. Da baki zai yi maka aiki, in ji Kawu.

Cikin shidan nan, Dogo yanzu yana da shagonsa wajen Wunti, yara huɗu a ƙarƙashinsa. Ranar da na leƙa, na tarar da sabon yaro durƙushe yana wankin rola. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar lefe.