Abin da Horon Asibiti Ya Koya Mini a Sashen Gwajin Nukiliya

A aji an koya mana cewa sinadarin teknishiyam-99m, wanda ake yi wa majiyyaci allurarsa don ya fitar da haskokin nukiliya da kyamara take ɗauka, yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan awa shida, muka haddace, muka rubuta a jarrabawa, muka wuce. Sai da aka tura ni horo a sashen gwajin nukiliya na wani asibitin koyarwa na ga cewa wannan jimla guda ita ce take tsara lokacin fitowar ma'aikaci daga gida, da majiyyacin da za a fara yi wa allura, da wanda za a ba haƙuri ya dawo wani makon. Na shiga horon ina zaton aikin duka yana gaban kyamara ne, alhali kyawun hoto ko lalacewarsa an riga an yanke shi tun kafin majiyyaci ya hau gadon.

Aikin yana farawa ne da sassafe a ɗakin haɗa magani, inda ake ajiye janareta. Ba irin na wutar lantarki ba ne. Tukunya ce mai nauyi da aka lulluɓe da darma, a cikinta akwai molibdenam-99, wanda yake rikiɗa a hankali ya zama teknishiyam. Ana tura ruwan gishiri mai tsabta ta cikinsa ya wanko teknishiyam ɗin zuwa cikin kwalba. Shi molibdenam rabinsa yana tafiya ne duk awa 66, kuma matattarar nukiliya kaɗan ne a duniya suke samar da shi, irin su SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu da ta Petten a ƙasar Holan da BR2 ta Beljiyam. Saboda haka janaretan da ya yi jinkirin kwana ɗaya a hanya ya riga ya yi asarar fiye da kashi 20 cikin ɗari, wanda kuma aka fara aiki da shi ranar Litinin, ranar Juma'a abin da zai bayar bai wuce sulusi da ɗan ɗoriya ba. Lamarin kamar na mai sayar da ƙanƙara ne a lokacin bazara, ko an saya ko ba a saya ba kayan suna narkewa. Shi ya sa ake jera gwaje-gwajen da suke cin magani da yawa a farkon mako.

Lissafin da nake yi a takarda cikin natsuwa, a nan sai an yi shi a tsaye, hannu cikin safar roba, ido ta bayan gilashin darma. Hoton ƙashi na babban mutum yana buƙatar kimanin megabekerel 740 (ma'aunin ƙarfin maganin ke nan), to idan da ƙarfe takwas za a zuƙa amma sai ƙarfe sha ɗaya za a yi allurar, dole a zuƙi kusan 1,050. Kafin nan kuma an gwada na'urar awon ƙarfin maganin da kwalbar sinadarin siziyam-137 don a tabbatar ba ta yi ƙarya ba, an kuma duba ko molibdenam ya ɓulo cikin ruwan fiye da ƙima. Babbar ma'aikaciyar da take lura da mu ba ta bar ɗalibi ya taɓa maganin gaske ba sai da ya ƙware da ruwan banza, yana zuƙa da sirinji mai rigar ƙarfen tangistan da take tare haskoki, wadda take da nauyi kuma take ɓoye rabin abin da ido yake son gani. A lokacin na ɗauka tsanani ne kawai. Daga baya na fahimci cewa hannun da yake laluben bakin kwalba na minti guda ya sha haskoki ninkin na wanda ya gama cikin daƙiƙa kaɗan, kuma ba a koyon sauri a kan abu mai haɗari.

Akwai wani abu ƙarami da littafi ya ambata a layi ɗaya, amma shi ne yake raba gwani da ɗan koyo. Lokacin da ake haɗa teknishiyam da garin MDP, sinadarin da yake kai shi ga ƙashi don a ɗauki hotonsa, ba a yarda iska ta shiga kwalbar ba, domin iskar tana lalata sinadarin kuza da yake ɗaure su tare. Idan ta shiga, teknishiyam ɗin yana yawo shi kaɗai a jiki, sai a ga tumbi da maƙogwaro da wurin yawu sun yi haske a hoton da aka ɗauka don ganin ƙashi. Duk wanda aka taɓa nuna wa irin wannan hoto ba ya sake wasa da kumfar iska a sirinji.

Ita kyamarar gama, wadda Hal Anger ya ƙirƙiro a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a ƙarshen shekarun 1950, ba ta fitar da haske ko kaɗan, sauraro kawai take yi daga jikin majiyyaci. Kullum da safe ana daidaita ta a kan keV 140, wato ƙarfin haskokin teknishiyam, sannan a ɗauki hoton gwaji don a ga ko fuskarta tana gani bai-ɗaya. Aiki ne mai gundura, kuma ɗalibai aka fi bar wa shi.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne zama da majiyyata. Wuraren da ake wannan gwaji ba su da yawa a Najeriya, waɗanda aka fi sani su ne asibitin koyarwa na Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja, don haka mutum yakan yi tafiyar yini guda, sau da yawa da sankarar mama ko ta furostet, domin a duba ko cutar ta kai ƙashi. Irin wannan mutum ba a ce masa ya dawo gobe don sakacin wani. Bayan allura sai ya jira awa biyu zuwa huɗu, ya sha ruwa sosai, ya yi fitsari kafin ya hau gado, domin cikakkiyar mafitsara tana rufe ƙashin ƙugu, wurin da likita ya fi son gani. Ɗigon fitsari a wando yana fitowa kamar ciwo, kuɗin ƙarfe a aljihu ko kan bel ko sarƙa kuma suna fitowa kamar rami. Faɗa wa dattijo sa'an mahaifinka irin wannan magana yana buƙatar lafazi, kuma da yake ina jin Hausa, ni ake kira idan aka kawo mutanenmu. Nakan ce, “Baba, a yi haƙuri, idan an kewaya a kula kada ya taɓa tufafi, na'urar tana ganinsa.” Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba idan an gaya masa dalili.

A watan azumi batun shan ruwan yana zama matsala ta gaske, kuma wurin warware ta shi ne ranar da ake ba da lokaci, ba bayan allura ta shiga jiki ba. Tambayar juna biyu kuwa ta fi wuya. Wajibi ne a tambayi duk macen da take cikin shekarun haihuwa ranar al'adarta ta ƙarshe da kuma ko tana shayarwa, amma matar da aka tambaya a gaban surukarta ko wan mijinta za ta sunkuyar da kai ta ce babu komai. Na koyi in roƙi 'yan rakiya su ɗan ba mu wuri, in kuma nemi ma'aikaciya mace ta yi tambayar. A ganina wannan ya cancanci ya shiga takardar tantance ɗalibi kamar yadda iya neman jijiya ya shiga.

Game da kariyar kai, ƙa'idar uku ce: a rage lokaci, a ƙara tazara, a sa shamaki. Tazara ta fi arha, tunda ninka nisa sau biyu yana mayar da haskokin zuwa rubu'i, kuma taku biyu baya daga majiyyacin da aka yi wa allura ba rashin ladabi ba ne idan an ci gaba da yi masa magana. Kowa yana maƙale da ɗan bajo mai ƙirga abin da jikinsa ya sha, iyakar ma'aikaci kuwa milisibat 20 ce a shekara idan aka daidaita a kan shekara biyar, kuma hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, ce take sa ido a kan wannan a Najeriya. Sirinji da auduga da safar da suka taɓa teknishiyam ana rubuta musu kwanan wata a ajiye su bayan darma. Bayan awa 60 ƙarfinsu ya koma kusan ɗaya cikin dubu, amma duk da haka sai an auna su kafin a fitar.

Aidin-131 na masu cutar tairod da ke maƙogwaro, wanda rabinsa yake ɗaukar kwana takwas, kallo kawai aka bar mu mu yi daga bakin ƙofa. Abin da aka damƙa mana shi ne bayanin sallama: majiyyaci ya ware kofinsa da kwanonsa, ya kwana shi kaɗai, ya nisanci yara da masu juna biyu na kwanakin da likita ya ƙayyade. A gidan da mutum goma suke amfani da makewayi ɗaya, sai an zauna da mai gidan an tsara yadda hakan zai yiwu kafin a ba da maganin.