Atachimen ɗina a sashen shari'a na hukumar makamashi a Akra

Dogon hutun da ya wuce yawancin 'yan ajinmu na lauya a Jami'ar Ghana da ke Legon chamba-chamban manyan loyoyi suka nufa, kowa na so a gan shi da baƙin kot yana bin oga zuwa kotu, ni kuwa takardar gabatarwa na karɓa daga makaranta na kai da ƙafata sashen shari'a na wata hukumar gwamnati mai kula da harkar makamashi. Ba wani dogon lissafi na yi ba gaskiya, yarinyar Nima ce ni, ina ƙarama aka yi dumso na 2015, wato matsalar yawan ɗauke wutar lantarki, mun yi karatu da fitilar waya, to dama tuntuni ina so in san wai su waye ke riƙe da wutar nan.

Madam ɗin da aka haɗa ni da ita tambaya ɗaya gare ta kuma kullum ita ce, duk takardar da na ɗauko sai ta ce "wa doka ta ba ikon wannan, a wane sashe?" Da farko na ɗauka gwaji ne kawai, ashe aikin kenan gaba ɗaya. Mu a gida duk abin da ya shafi wuta ECG muke cewa, alhali ECG rarrabawa kawai take a kudu, arewa NEDCo ce, VRA ke samar da wuta daga Akosombo tun 1965, GRIDCo ke ɗauko ta a manyan layuka. Lasisi na Energy Commission ne a ƙarƙashin doka ta 541 ta 1997, farashi da ƙorafin masu biya na PURC ne, doka ta 538, ita ma 1997. Fetur da gas na girki NPA, haƙo mai a teku kuma Petroleum Commission wadda aka kafa 2011 bayan an fara haƙo mai a filin Jubilee. Mutum zai rubuto wasiƙa shafi uku cike da ɓacin rai, kuma yana da gaskiyarsa, amma ya aiko inda ba su da hurumi, aikina shi ne in tsara amsa cikin ladabi in nuna masa ƙofar da zai buga. Wasiƙu irin wannan na rubuta su har na gaji.

A aji shari'o'in kotun ƙoli muke haddacewa, a ofis kuwa L.I. ce ke mulki, ƙananan dokokin nan da ake ajiyewa gaban majalisa, in sun yi kwana 21 na zama ba a soke su da kashi biyu cikin uku ba sai su fara aiki, kamar yadda sashe na 11 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce. Na san wannan don jarrabawa, amma ban taɓa zama na karanta ko guda daga farko har ƙarshe ba sai da aka ce in taƙaita L.I. 1932 ta 2008, wadda ta hana shigo da tsofaffin firiji da firiza da AC da ƙwan fitila mai zafi.

Nan fa abin ya zo gida, don Kawuna sana'arsa kenan shekara da shekaru, gyaran firiji da sayar da na hannu, da kuɗin aka biya min makaranta ba sau ɗaya ba. Ran wata Juma'a bayan an sauko masallaci na biya shagonsa da takardar a jaka, yana tsugune bayan wata tsohuwar firiza ya kwance kwamfuresa, hannu duk baƙin mai, na karanta masa ina fassarawa. Ya saurara har na gama sannan ya ce "to ɗiyata, mai sayar da ruwan sanyi da sobolo a bakin titi ina za ta samu kuɗin sabuwa mai taurari?" Wato taurarin da ake liƙa wa sabon firiji don nuna ba ya shan wuta da yawa. Na ce Kawu ai tsohuwar tana shan wuta fiye da kima, abin da ta rage wajen saye a mita za ta biya shi, ga iskar da ke cikin tsofaffin tana ɓata sararin sama shi ya sa Turawa suke jibgo mana su. Ya ce duk ya ji, amma kuɗin mita kaɗan-kaɗan ake biya, na firiji kuwa a dunƙule. Ban da amsar wannan wallahi. Ni dai har yanzu ina ganin dokar daidai ce, ƙasar da ta sha dumso ba ta da wutar da za ta ɓarnatar a firijin da wasu suka yar, amma da na koma Litinin na ƙara sakin layi a taƙaitawar kan su wa nauyin ke faɗawa, Madam ta karanta ta bar shi, ta dai gyara min lambar sashe guda.

Haka ma maganar wayarin, L.I. 2008 ta 2011 ta ce mai lasisi ne kawai zai ja wayar gida kuma sai da takardarsa za a haɗa maka wuta, mu kuwa a zango yaron maƙota ake kira. Ga gidan haya mai ɗaki goma a kan mita ɗaya, kowa fanka da ƙwai biyu gare shi amma in an haɗa lissafi sun wuce rangwamen da ake wa masu shan wuta kaɗan, sai talaka ya biya farashin mai hali, a yi ta rigima da mai gida ƙarshen wata.

Manyan kwangiloli kam ba a ba ɗan atachimen ya taɓa, ka dai zauna a bayan ɗakin mitin ka rubuta minit ka yi shiru. Amma a nan na fahimci me ya sa ake yawan ambaton shari'ar Faroe Atlantic da ta Balkan Energy, dukansu kan yarjejeniyar sayen wuta ne, kuma dukansu sun tsaya kan sashe na 181(5) na kundin tsarin mulki, wato cinikin ƙasa da ƙasa da gwamnati ta shiga sai majalisa ta amince. Sai kuma sharaɗin nan na ko ka sha wutar ko ba ka sha ba sai ka biya, wanda aka sa hannu a kansa da yawa lokacin da ake neman wuta ido rufe, daga baya ya zama bashi a wuyan ƙasa. Layi biyu ne a takarda fa.

Wanda ke son zuwa, ka kai takardarka da wuri tun kafin a fara jarrabawa, ka kai da kanka ka karɓi kwafi mai hatimi, kar ka tura imel ka kwanta. Ka tanadi kuɗin trotro da na waakye don ba neman kuɗi ka je ba. Ka karanta dokar da ta kafa hukumar kafin ranar farko, ba ta da tsawo. Abin da ka gani a fayil kuma ya tsaya a fayil, ko a gurup ɗin aji kar ka sa, za a sa ka sa hannu kan haka. Kuma ka yi zumunci da mutanen rajista da injiniyoyi, su suka san inda kowace takarda take, injiniya ne ma ya zaunar da ni ya zana min bambancin megawat da kilowat-awa a bayan ambulan, sai a sannan rabin abin da nake karantawa ya fara shiga kaina.