Libarba ta ci min babban yatsa a Riyad

Yau kwana goma sha ɗaya ban iya danne yadi da hannun hagu yadda ya kamata ba, ga ɗinkin Sallah jibge a shago. Duk a kan harsashi ɗaya.

Kawu ne ya ja ni wani filin koyon harbi a bayan gari. Shi haifaffen Makka ne, tsohon ɗan farauta, ni kuwa sanin da na yi wa bindiga bai wuce harba-ka-ruga ta kakanmu a ƙauye ba, sai bidiyoyin waya. Muka nuna takardu, aka ba mu abin toshe kunne da tabarau, aka jero mana libarba biyu, wato ƙananan bindigogi masu tulun harsasai da ke juyawa: .357 Magnum da .44 Magnum. Mai koyarwar ma Bahaushe ne ɗan Jidda, Hausarsa rabi Larabci.

Ta .357 ba ta ba ni wahala ba. Ƙara ce da ita mai tsini, tana zabura a hannu, shi ke nan. A ta .44 aka fara sa min harsashin .44 Special, wanda ke shiga bindigar lafiya lau don kwansonsa ya fi na Magnum gajarta. Turawa take yi a hankali, har na fara raina ta. Na ce a sa min na gasken.

Duk tsorona yana kan shurin. Na ji ana cewa tana iya tashi ta fasa wa mutum goshi, saboda haka na ƙanƙame ta da hannu biyu, na miƙa babban yatsan hagu gaba a gefenta, irin riƙon da na gani ana yi wa fistol ɗin 'yan sanda. Mai koyarwar ya juya zai amsa wa wani, ni kuma ban jira shi ba, na ja kunama.

Shurin ban ma san ya zo ba. Ji na yi kamar an ɗora min dutsen guga a yatsa an kuma tsaga da reza. Fatar ta yi baƙi, ta dare, ga ɗigo-ɗigon albarushi sun nutse a ciki kamar an barbaɗa barkono.

Ashe tsakanin tulun da ke juyawa da harsasai da gindin bututun akwai 'yar tazara, ba ta fi kaurin takarda biyu ba. Dole a bar ta don tulun ya juya, kuma ta nan wuta da iska mai zafi ke fesowa gefe duk harbi. Fistol ba ta da wannan, shi ya sa riƙonta bai dace da libarba ba. Yatsan hagu kan naɗe shi ake yi a bayan na dama, nesa da gaban tulun. An faɗa min tun farko kuwa. Hankalina yana kan goshina.

Mai koyarwar yana ɗaure min ciwon yana faɗa: “Ya akhi, ka gode wa Allah ba .500 ba ce.” Wannan ita ce libarbar da kamfanin Smith & Wesson suka fitar a 2003, harsashi biyar kawai take ɗauka, nauyinta kusan kilo biyu. Ya ce wutar gefenta tana iya cire kan yatsa gaba ɗaya.

Kawu kuwa ko a jikinsa, sai tarihi yake ba ni. Wai .44 Magnum ɗin ma daga hannun masu ɗura harsashi da kansu ta fito: wani Ba'amurke, Elmer Keith, ya yi shekaru yana ƙara wa .44 Special ƙarfi har kamfanoni suka fitar da ita wajajen 1955. Na ce to ashe kakanmu da ke ɗura tasa da tsumma da sandar ƙarfe ɗan'uwansu ne. A filin nan dai babu wannan zancen, harsashi a ƙirge ake ba ka, ko kwanson ba a bar mu mun fita da shi ba.

Wanda zai je, ya ce a gyara masa riƙo da bindigar babu komai a ciki, sau uku ko huɗu, kafin a sa harsashi. Abin da har yanzu ke ci min rai shi ne harbin nan ɗaya ya shiga tsakiyar takardar da ake aunawa daidai. Kawu ya naɗo ta ya kawo min shago, ya manna a saman keken ɗinki. Duk wanda ya zo cigiyar kayansa sai ya nuna masa ya ce, “Ka yi haƙuri, ɗan nawa maharbi ya koma.”