Abin da jirgin DH.86 ya koya mini

Da na fara rubuta kundin kammala digiri kan zuwan jiragen sama Kano, gani nake na san labarin ciki da bai. Ai a 1925 jiragen sojan Ingila suka fara sauka, shi ke nan. Sai malamina ya ce, "To, na fasinja fa, yaushe?" Na yi tsuru-tsuru.

Ashe sai a Fabrairun 1936 kamfanin jiragen saman Ingila, Imperial Airways, ya buɗe hanya daga Khartoum zuwa Kano, ta El Obeid, El Fasher, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, da Maiduguri. Kusan sawun alhazan da ke tafiya Makka a ƙasa ke nan, abin da ya fi burge ni. Jirgin da aka sa a hanyar DH.86 ne, ƙirar kamfanin de Havilland: inji huɗu, fukafukai hawa biyu, gangar jiki ta katako, fasinja goma zuwa sha biyu. Na cika shafi uku ina koɗa shi.

Malam ya ja layi da jan biro, ya rubuta a gefe: "Kafin ya zo Kano, ina ya je?"

Nan na gane kuskurena. Daga bakin filin jirgin Kano kawai nake kallonsa, alhali don Ostareliya aka ƙera shi, saboda kwangilar ɗaukar wasiƙu tsakanin Singafo da Brisbane. Cikin wata huɗu kacal aka zana shi aka haɗa, ya tashi a Janairun 1934. A Oktoban wannan shekara, jirgi ɗaya na kamfanin Holyman na Ostareliya ya ɓace a mashigin tekun Bass da ke kudancin ƙasar. Wata guda bayan haka wani da ake kai wa Qantas, shi ma kamfanin jiragen Ostareliya, ya faɗi kusa da garin Longreach na ƙasar, sannan Holyman suka sake rasa ɗaya a 1935. Zargi ya fi faɗawa kan wutsiyar jirgin, har a 1937 aka ƙara mata ƙananan fukafukai biyu a samfurin DH.86B.

Gaggawar da na ga laifin maƙeran a kai, irinta na yi: na samu takarda ɗaya mai daɗin karantawa, na gina babi a kanta. Na koma ɗakin karatu sati biyu, shafuka ukun nan suka dawo ɗaya da rabi, Malam ya karanta ya sa hannu bai ce komai ba.